Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Masu Sana'ar Abinci a Jihar Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu da yayyenmu shugabannin masu gidajen abinci, da na masu gidajen burodi, da Sarakunan Fawa da dattawan mahauta, da shugabannin 'yan hatsi na Dawanau, da na 'yan kayan marmari na 'Yan Lemo, da na 'yan gwari na Yankaba, da na 'yan kasuwar Singa, da iyayenmu mata masu girkin biki da masu koyar da girki, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya sanya albarka a cikin nemanku. Na rubuto muku wannan takarda ne a matsayin ɗaya daga cikin dubban mutanen da ke cin abin da hannuwanku suka sarrafa safe da yamma, kuma na zaɓi in yi maganar a fili domin lamarin ya shafi kowane gida a jihar nan. Buƙatata ita ce ku karɓi aikin tsare amanar wannan sana'a da hannunku, ku shimfiɗa wa mambobinku ƙa'ida a rubuce, kuma ku hukunta wanda ya karya ta tun kafin hukuma ta zo.

Sana'ar abinci ta bambanta da sauran sana'o'i ta fuska ɗaya mai nauyi. Wanda ya sayi yadi yana iya warware shi ya duba, wanda ya sayi takalmi yana iya gwadawa, kuma idan daga baya ya ga aibi yana iya mayarwa. Wanda ya sayi malmalar tuwo, ko tsinken tsire, ko ƙullin zoɓo, ba shi da hanyar sanin ruwan da aka yi amfani da shi, ko kwanakin da naman ya yi, ko abin da aka barbaɗa a cikin tukunya kafin a ɗauke murfi, kuma abin da ya riga ya shiga ciki ba ya mayuwa. Direban da ya tsaya a tasha, da ɗalibar da ta sayi awara a ƙofar makaranta, da majinyacin da aka kawo wa kunu a gadon asibiti, duk sun miƙa lafiyarsu ne ga mutumin da ba su ga yadda ya yi aikinsa ba. Likita da mai harhaɗa magani suna da majalisun da ke ba su lasisi, suna kuma iya ƙwace shi idan sun ci amana, alhali mutum yakan yi wata da watanni bai ga likita ba. Mai abinci kuwa kullum ana gabansa, amma a mafi yawan lokuta babu wata rubutacciyar ƙa'idar sana'a da ya taɓa sa wa hannu.

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin wata ƙasa kafin su fahimci haɗarin. A watan Maris na 2021 asibitocin birni suka fara cika da mutane masu amai da jiri da fitsarin jini, kuma bincike ya kai ga kayan shan da aka haɗa da garin lemon da wa'adinsa ya ƙare da kuma abin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sanar da mutuwar mutum 10 da kwantar da kimanin 400, waɗanda wajen 50 daga cikinsu suka samu matsalar ƙoda. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta bayyana cewa abin da aka sayar a matsayin ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne mai guba wanda ba shi da alaƙa da abinci ko kaɗan. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne hanyar da wannan guba ta bi kafin ta isa maƙogwaron mutane. Wani ne ya shigo da buhun, wani ya saya a sari, wani ya ƙulla shi a leda babu suna babu kwanan wata, wata baiwar Allah kuma ta saya ta zuba a cikin abin sayarwarta, wataƙila ma ta ba 'ya'yanta suka sha. A kowane mataki akwai mutumin da zai iya tambayar asalin kayan da takardarsu da dalilin arharsu, kuma da ɗaya daga cikinsu ya yi wannan tambaya ya tsaya a kanta, da an rage gawawwakin da aka kai makwanci. Mafi yawansu ba su yi niyyar kisa ba. Sana'ar ce ba ta koya musu cewa yin wannan tambaya wajibi ne a kansu ba.

Ga iyayenmu 'yan hatsi, maganar wake ta isa misali. Kowa ya san ƙwaro ba ya raga wa wake, kuma wanda ya zuba jarinsa a ɗaruruwan buhuna yana da haƙƙin ya kare dukiyarsa. Sai dai hanyar da wasu suka ɗauka, wato yayyafa fiya-fiya ko Sniper kai-tsaye a kan abin da mutane za su dafa, hanya ce ta cutar da bayin Allah. Sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna yana taɓa jijiyoyin jiki, kuma an yi shi ne domin kashe ƙwari, ba a yi shi domin ya haɗu da abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari, domin abin da dokarsu ta yarda da shi bai wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, alhali an samu waken da ya kai miligiram 4.6, kuma aka yi ta tsawaita dakatarwar har tsawon shekaru. Wannan asara ta faɗa a kan manomi da ɗan kasuwa mai gaskiya tare da marar gaskiya, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Abin da ya fi damuna shi ne waken da Turawa suka ƙi karɓa bai ɓace ba. Irinsa ne ake niƙawa a yi ƙosai da alala, a dafa garau-garau, yara su ci su tafi makaranta. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna, amma duk mai shiga kasuwa ya san hanin bai kawo ƙarshen al'adar ba.

Kuma ba a rasa mafita ba. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi a yankinmu tun 2007, yana kashe ƙwaro ne ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba, kuma ana iya sake amfani da shi muddin bai huje ba. Manoma a Najeriya da Nijar sun daɗe da saninsa. Haka ma durom ɗin ƙarfe da aka toshe bakinsa da kyau. Idan tsadar buhun ce ta hana ƙaramin ɗan kasuwa, to wannan aikin ƙungiya ne, ta saya a dunƙule ta raba wa mambobinta a farashin sari. Haka nan gyaɗa da masarar da aka ɗura a buhu ba su gama bushewa ba suna yin fumfuna mai haifar da gubar da ke lalata hanta, wadda dafuwa da suya ba sa kashe ta. Tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da masu kunu a farashi mai sauƙi tura cuta ce zuwa ga wanda ya fi kowa talauci.

Masu gidajen burodi sun fi ni sanin sinadarin buromet, wanda ke kumbura burodi ya yi girma da laushi a kan ɗan ƙaramin kuɗi. An haramta shi a ƙasar nan tun zamanin da marigayiya Dora Akunyili ke shugabantar NAFDAC, saboda illarsa ga ƙoda da kuma shaidar cewa yana haifar da sankara a jikin dabbobin gwaji, amma har yanzu hukumar tana rufe gidajen burodi a kansa, alhali akwai halastattun abubuwan inganta ƙullu, irin su sinadarin bitamin C, da ke yin aikin ba tare da cutarwa ba. A wajen kayan marmari akwai masu nunar da mangwaro da ayaba da kabaid ɗin da masu walda ke amfani da shi, wanda ke ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba, sai ka ga bayan ɗan itace ya yi rawaya cikinsa kuwa ɗanye ne. A wajen manja akwai masu zuba rini domin ya ƙara ja. A wajen girki an sha jin gargaɗin hukuma game da masu jefa ƙwayoyin farasitamol a tukunyar ganda da ƙafar saniya domin su yi saurin laushi a rage itace ko gas, ba tare da tunanin hantar wanda zai ci ba. Ba na cewa yawancinku na yin haka, kuma na san a cikinku akwai waɗanda za su gwammace su rufe shago da su aikata ɗaya daga cikin waɗannan. Amma kun san masu yi, sau da yawa da sunayensu da rumfunansu, kuma shirunku ne ke ba su mafaka.

Ranku ya daɗe Sarakunan Fawa, amanar da ke wuyanku ta haɗa lafiya da addini wuri guda. Musulmin da ya sayi nama a hannun mahauci ya ɗauka an yanka dabbar da rai da sunan Allah, kuma bai tambaya ba saboda ya yarda da ku. Dabbar da ta mutu a mota a kan hanya aka yi mata yankan ɓoye, da wadda aka ɗirka wa allurai jiya aka yanka yau kafin maganin ya fita daga jikinta, da huhun da likitan dabbobi ya ce a zubar saboda tarin fuka aka zagaya aka dawo da shi tire, da kai da ƙafar da aka babbake da tayar mota, duk cin wannan amana ne. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiras a wata gona da ke yankin Suleja a Jihar Neja, cutar da ke kama mutum ta hanyar taɓa ko cin naman dabbar da ta kamu, kuma wanda ya fi kowa shiga haɗarinta shi ne mahaucin da ke fiɗa da hannunsa. Don haka likitan dabbobi da ke tsaye a kwata yana kare ku ne kafin ya kare mu, kuma bai kamata a ɗauke shi abokin gaba ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, fulawa da sukari da gas da kuɗin mota sun ninka, wutar lantarki ba ta tsayawa, mai saye kuma yana son burodin jiya a farashin jiya. Mu masu saye ma muna da namu, domin mu ne ke tsallake manja mai kyau mu ɗauki wanda ya fi ja, mu nemi mangwaro nunanne tun lokacinsa bai yi ba. Duk da haka tsada tana ba mai sana'a damar ya ƙara kuɗi, ko ya rage girman malmala ya faɗa wa mai saye gaskiya, ko ya daina yin abin da ba ya fitar da shi. Ba ta ba shi damar ya ɓoye cuta a cikin abinci ba. Mutumin da aka ƙara wa naira ɗari ya san abin da ya rasa, yana kuma iya komawa wani shago. Wanda aka ciyar da guba sai bayan watanni ko shekaru zai biya, a layin wankin ƙoda, da kuɗin da ya fi ƙarfin danginsa baki ɗaya.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hadisin da malamai ke yawan kawowa a kan algus a kan abinci ya zo: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi dalilin da ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ku lura cewa ba a zargi mutumin da jiƙa hatsin ba, ɓoyewar ce laifinsa. Sura guda a cikin Alƙur'ani ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu, kuma 'yan'uwanmu Kiristoci da ke cikin wannan sana'a suna da irin wannan gargaɗi a kan ma'aunin zalunci a cikin littafinsu. Idan bugun gindin kwano domin a rage ɗan tafin hannu na gero ya kai wannan matsayi, ina ga wanda ya rage wa mutum lafiyar ƙodarsa?

Tarihin kasuwar Kano kansa yana da abin da zai koya mana. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Kano a farkon 1824, ya rubuta abin da ya gani a kasuwar birni. Bai ɓoye wayon mahautan lokacin ba, har ya ambaci masu manna gashin tunkiya a cinyar akuya domin ta wuce a matsayin naman rago a wurin wanda bai sani ba, wato ha'inci ba yau ya fara ba. Amma ya kuma rubuta wani abu da ya ba shi mamaki. Idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano ya tafi da shi har Borno, ya buɗe a can ya tarar da aibi, ana dawo da kayan, domin an rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi, dillalin kuma dole ya nemo mai kayan, shi kuma dokar Kano ta tilasta masa ya mayar da kuɗi. Shekara ɗari biyu da suka wuce, ba waya ba mota, kakanninku sun gina tsarin da ke bin kaya har zuwa hannun da ya fito da su, kuma wannan tsari ne ya sa fatake daga nesa suka amince da kasuwar Kano. Abin kunya ne a ce a yau buhun farin gari marar suna zai ratsa hannu huɗu ko biyar a cikin birnin nan, ya kashe mutane, sannan a sha wahala kafin a gano inda ya fito. Sarautun sana'a irin su Sarkin Fawa da Sarkin Kasuwa an kafa su ne domin a samu wanda za a kama idan sana'a ta ɓaci, wanda shi ma yake da ikon ya kama na ƙasa da shi.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya bukatar mugun nufi kafin ya yi kisa, wato abin da ke faruwa a bayan shago inda mai saye ba ya leƙawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu, kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hanyar wannan cuta da ta taifod sananniya ce: ruwan da ba a san rijiyarsa ba, ƙanƙarar da aka yi da shi aka jefa a zoɓo, bahon wanke-wanke guda da kwano ɗari suka ratsa ba a sauya ruwansa ba, latas da kabejin da aka yi ban-ruwansu da ruwan kwata aka yayyanka ba a wanke da kyau ba, da hannun da ya fito daga bayi bai ga sabulu ba. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin garin nan ya fara zama haɗari, musamman shinkafa da miyar da aka sa wa nama, kuma kazar da ta narke a firiza saboda ɗaukewar wuta aka sake daskarar da ita ba ta koma yadda take ba. Ragowar abincin bikin jiya da aka ɗumama sama-sama aka haɗa da na yau ya sha kwantar da gida guda.

A nan dole in yi magana a kan yaran da ke yi muku aiki, domin su ne hannuwan da ke taɓa abincin. Yarinyar da ke wanke-wanke tun asuba, da almajirin da ke ɗebo ruwa, da yaron da ke kwaɓa fulawa cikin zafin gidan burodi, idan ɗayansu ya wayi gari da gudawa ya san cewa in bai zo ba ba shi da kuɗin ranar, wataƙila ma a maye gurbinsa. Saboda haka zai zo, zai ɓoye ciwonsa, kuma zai raba shi ga masu saye. Maigida ko uwar ɗakin da ke son abincinta ya tsarkaka sai ta sa ma'aikacinta ya iya cewa ba shi da lafiya ba tare da tsoron rasa abincinsa ba, ta tanadi ruwa da sabulu da makewayi mai kyau, ta biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Yaron da aka zalunta a wurin aiki da wuya ya ji tausayin baƙon da zai ci abin da ya dafa, kuma abin da ya ga ana yi a shagon maigidansa shi zai yi ranar da ya buɗe nasa.

Ga 'yan'uwanmu mata da matasa da suka shigo sana'ar ta sabuwar hanya, masu karɓar oda ta WhatsApp da Instagram da masu buɗe makarantun koyon girki, ina murna da yadda kuka ɗaukaka wannan aiki har ya zama abin alfahari ga mai digiri. Amma ajin da ke koyar da ado a kan kek da naɗa samosa, bai ware ko darasi ɗaya a kan wanke hannu, da raba wuƙar ɗanyen nama da ta kayan lambu, da yadda ake ajiye abinci a sanyi ko a zafi ba, ya yaye ɗalibi da rabin sana'a. Hoton da aka nuna ya zama shi ne abin da za a kawo. Idan mai ciwon sukari ya tambaya ko akwai sukari, ko uwa ta ce ɗanta ba ya jituwa da gyaɗa, amsar da za a ba su magana ce ta rai da mutuwa, kuma wadda ba ta da tabbas ta ce ba ta da tabbas. Wadda ta karɓi kuɗin abincin mutum ɗari uku ta san ranar biki ba ta maimaituwa, don haka kada ta karɓi aikin da ya fi ƙarfin tukwanenta da ma'aikatanta.

Za a iya cewa duk wannan aikin gwamnati ne, kuma lallai NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta jiha, da ma'aikatan dubagari na ƙananan hukumomi, kowa yana da nasa nauyin, kuma jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai abokin tarayya ne a cikin duk abin da ya biyo baya. Amma babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kan kowace tukunya a jiha mai mutane miliyoyi, kuma jami'i yakan zo ne bayan an kwantar da mutane. Ku ne kuke wurin da asuba lokacin da ake sauke kaya, ku ne kuka san wanda burodinsa ya fi na kowa girma a kan kuɗin da lissafi ba zai ba da shi ba, kuma maganarku tana da nauyin da takardar hukuma ba ta da shi a wurin mambobinku.

Don haka ina roƙon kowace ƙungiya ta zauna ta rubuta ƙa'idar sana'arta da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a shafi ɗaya ko biyu, ta ambaci abubuwan da aka haramta da sunayen da 'yan kasuwa suka san su da su, a karanta wa kowane mamba ya sa hannu ko ya dangwala kafin a ba shi katin ƙungiya. A dawo da tsarin sunan dillali: kada wani sinadarin abinci, ko ɗan tsami ne ko kala ko yis ko garin lemo, ya fita daga rumfa sai da sunan wanda ya sayar da kwanan watan ƙarewarsa, kuma mai dafa abinci ya riƙe ɗan littafin da yake rubuta inda ya sayo kayansa. A gayyaci dubagari da likitocin dabbobi da malaman jami'o'inmu su riƙa koyar da mambobi a cikin kasuwa, a lokacin da ba zai hana su ciniki ba. A sanya wuri a ofishin ƙungiya inda mai saye zai kai ƙara a saurare shi ba tare da an taru a kansa ba.

Abu mafi wuya, wanda kuma sauran ba za su yi amfani ba sai da shi, shi ne hukunci. An saba idan hukuma ta kama mamba, ƙungiya ta yi karo-karo ta je ta karɓo shi, ko da kowa ya san ya aikata. Tsaya wa mamban da aka zalunta aikin ƙungiya ne, kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma wanda aka samu da zuba guba a abinci bayan an gargaɗe shi, ƙungiya ce ya kamata ta fara dakatar da shi, ta sanar da sauran mambobi dalili, ta kuma miƙa shi ga hukuma da hannunta, ko ɗan wane ne, ko nawa yake bayarwa a asusu. Wanda kuma ya kawo rahoton irin wannan aiki, ko yaron shago ne, a rufa masa asiri a kare shi daga kora.

Watan azumi shi ne lokacin da cinikin kayan sha da ƙanƙara da abincin buɗa-baki ke ninkawa, kuma masifar 2021 ta faru ne ana saura 'yan makonni a fara shi. Ina roƙonku ku kira taron shugabannin waɗannan ƙungiyoyi kafin azumi mai zuwa, ku gayyaci masarauta da malamai da hukumomin lafiya su zama shaida, ku fito da ƙa'idar a rubuce, a liƙa ta a ƙofar kowace kasuwa da kowace kwata, a kuma karanta ta a gidajen rediyo domin masu saye su san abin da kuka ɗaukar wa kanku, su kuma san ofishin da za su nufa idan an saɓa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗanku mazaunin birnin Kano.